William Tweed, Mai Ƙahon 'Yan Kwana-kwana

Galibin mutanen da a kan kawo tarihinsu a cikin waɗannan shafuna mutanen kirki ne, waɗanda a ke so mu yi koyi da su. Ni kuwa na ɗauko labarin wani wanda ya fara da aikin kirki ya ƙare a kurkuku. Sunansa William Tweed, mutumin birnin New York ne a ƙasar Amurka. Ya rasu tun 1878, amma har wa yau in Ba'amurke yana so ya ba da misalin shugaba mai cin amanar jama'a, sunan mutumin nan ya kan fara zuwa bakinsa. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne hanyar da ya bi ya hau. Bai gaji sarauta ba, bai yi karatu mai zurfi ba, ubansa kuma ba wani attajiri ba ne. Matakinsa na fari wani ɗan ƙahon ƙarfe ne, tsawonsa kamar kamu guda, irin wanda shugabannin 'yan kwana-kwana na zamanin nan su kan yi magana ta ciki a wurin gobara.

An haife shi ran 3 ga Afrilu, 1823, a wani titi da a ke kira Cherry, kusa da bakin ruwa a gabashin birnin. Kakanninsa daga Sukotlan suka fito. Ubansa mai yin kujeru ne, yana da rufin asirinsa daidai gwargwado. Yaron ya bar makaranta yana da shekara 11, ya shiga koyon sana'ar ubansa. Daga nan ya zauna wurin wani mai yin sirdi, ya kuma koyi aikin akawu, watau riƙon littafin shiga da fitar kuɗi. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu sake gamuwa da littafin lissafi a gaba. Ya yi aiki a inda a ke yin buroshi, ya yi aure a 1844 yana da shekara 21. Ƙato ne, tsawonsa wajen ƙafa 6, ga ƙarfi, ga murya, ga shi da faram-faram da mutane.

A zamanin nan babu abin da mutanen New York su ke tsoro kamar gobara. Birnin yana cika da sauri, gama a 1820 mutanensa ba su wuce 124,000 ba, amma a 1850 sun haura rabin miliyan. Gidaje da yawa na katako ne, a manne da juna, ana hura wuta cikin ɗaki sabo da sanyi, ana kunna kyandir da fitilar mai. Daren 16 ga Disamba, 1835, sa'ad da Tweed ya ke ɗan shekara 12, wuta ta tashi a unguwar 'yan kasuwa, ta cinye gine-gine fiye da 600. Mu kan ce gobara daga kogi maganinta Allah. To, a daren nan kogin ma daskarewa ya yi don tsananin sanyi, sai da aka fasa ƙanƙara kafin a sami ruwa, ruwan kuma ya riƙa daskarewa cikin tiyo. Daga bisani dole aka sa albarushi aka rushe waɗansu gidaje domin a datse wa wutar hanya.

Waɗanda ke kashe gobara a lokacin nan 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko anini. Wannan al'ada ta daɗe a Amurka. Benjamin Franklin ya kafa ƙungiya irin wannan a Filadelfiya a 1736, New York kuma ta tsara tata ba da jimawa ba. Abin ya yi kama da gayya a wurinmu, sai dai ita wannan gayya ba ta da rana, ba ta da lokaci. Mahauci da kafinta da maƙeri da ɗan tireda, kowa yana kan sana'arsa ko yana barci, da ya ji an kaɗa ƙararrawa daga bisa hasumiya, sai ya yar da abin da ke hannunsa ya sheƙa zuwa rumfar da injin ƙungiyarsu ya ke. Ladansu dai shi ne girman da jama'a ke ba su, da kuma ɗauke musu waɗansu ayyukan gwamnati, kamar fita horon soja. Da yawa cikinsu sun rasa rai. A gobarar 1845 kaɗai huɗu daga cikinsu suka mutu.

Sai mu duba irin injin da su ke aiki da shi, don ta nan za a gane amfanin ƙahon. Babban akwati ne bisa ƙafafu huɗu, da famfo a cikinsa. Ba doki ke jansa ba, mutane ne ke kama igiya su ja shi a guje cikin duhu. Yana da dogayen sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagun. Mutane su kan jeru a kowane gefe, waɗannan su danna nasu ƙasa, na wancan gefe ya tashi, su kuma su danna, kamar mata masu daka luguden turmi guda. Aikin yana da wuya ainun, ƙato ba ya jure shi sai 'yan mintoci kaɗan a canja shi. In ruwa yana nesa, sai a jera injuna, na fari ya zuƙo daga kogi ya zuba wa na biyu, na biyu ya tura wa na uku, har ya kai ga wuta. In ɗaya ya yi sanyin hannu, akwatinsa ya cika ya tumbatsa, wannan kuwa babban abin kunya ne ga ƙungiyar. In ya yi gaggawa fiye da kima, sai ya tsotse ruwansa ya bushe.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai hannuwa duka sun bi murya guda. Ga shi kuwa wurin gobara wurin hayaniya ne. Wuta tana ruri, katako yana fashewa, bango yana zubewa, mata suna kururuwa, 'yan kallo sun cika titi, kowa yana ba da shawara. Hayaƙi ya rufe ido, ba a ganin alamar hannu. Wanda ke bisa tsani bai san rufin da ke kansa ya kusa ruftawa ba, sai na ƙasa ya gaya masa, in kuwa bai ji ba ya halaka. Sabo da haka kowane shugaban ƙungiya da mataimakinsa su kan riƙe ƙahon magana.

Ba busa shi a ke yi ba kamar kakaki ko bigila. Magana a ke yi a cikinsa. Siffarsa kamar dogon mazurari ce, da ɗan faffaɗan baki wanda zai rufe leɓunan mai magana, sa'an nan ya riƙa buɗewa sannu sannu har ƙarshe. In mutum ya yi kira da baki kawai, muryarsa ta kan watse ko'ina. Ƙahon kuwa ya kan tattara ta ya miƙa ta sashen da aka nufa, kuma buɗewar nan tasa ta kan sa muryar ta kama iska sosai, ta fita da ƙarfi. Kowa ya taɓa kewaye bakinsa da tafin hannu don ya kira wani a gona ya san asalin dabarar. Wani Bature mutumin Ingila, Samuel Morland, ya buga ɗan littafi a kanta a 1671. Matuƙan jiragen ruwa suka karɓe ta, daga nan ta kai ga masu kashe gobara, har New York ta yi wajen shekara ɗari tana aiki da ita kafin zamanin Tweed.

Da tafiya ta yi tafiya, ƙahon ya zama alamar mulki, kamar yadda sanda ta ke a hannun sarki. Wanda bai riƙe shi ba ba shi da ikon ba da umurni. Na aiki da tagulla ko kwano a ke yinsa, ya kan lanƙwashe ya yi baƙi da hayaƙi. Akwai kuma na ado, na azurfa, da zane-zane da suna a jikinsa, wanda 'yan unguwa ko 'yan kasuwa su kan ba shugaban da ya yi abin yabo. Ranar biki a kan cusa furanni a bakinsa a yi maci da shi. Waɗansu su kan toshe ƙaramin bakin su sha giya a ciki, in faɗa ya tashi kuma ya zama kulki. Amma abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne, ba gwamnati ke naɗa mai ƙaho ba. 'Yan ƙungiya ne su ke jefa ƙuri'a su zaɓe shi. Watau aro ne suka ba shi, domin a sami murya guda da za ta fid da su daga hatsari.

Tweed ya fara shiga wannan aiki tun yana saurayi. A 1848 shi da abokansa suka kafa sabuwar ƙungiya, mai suna Americus, lambar injinta 6, mutanen gari kuma suka riƙa kiranta Babbar Shida. Suna sa jajayen riguna. A jikin injin suka sa aka zana kan wata damisa mai ratsi-ratsi, irin ta ƙasar Indiya, ta buɗe baki. Ba a daɗe ba aka zaɓi Tweed shugaba, ƙaho ya shiga hannunsa. Na kan kwatanta shi a zuci, ƙato yana gudu gaban inji da tsakad dare, yana daka tsawa ta cikin ƙarfen nan, samari majiya ƙarfi suna binsa da igiya a hannu. Ba na shakka ya kashe wuta, ya kuma ceci dukiyar mutane, gama ba a zaɓen rago a wannan matsayi.

Sai dai a lokacin nan wani mugun hali ya riga ya shiga cikin ƙungiyoyin. Kowace tana so a ce ita ta fara zuba ruwa. Tun da aka kawo ruwan famfo cikin birnin a 1842, sai gasar ta koma kan bakin famfon titi. Wata ƙungiya ta kan aiki yaro ya riga kowa zuwa, ya kifa ganga bisa famfon ya zauna a kai, har nasu su iso. In ƙungiya biyu suka haɗu a mararraba, sai a yar da igiya a kama dambe, gidan mutane kuwa yana can yana ci. Babbar Shida ta yi suna wajen wannan. Har babban shugaban 'yan kwana-kwana na birnin, Alfred Carson, ya kai ƙarar Tweed sabo da faɗa da wata ƙungiya, aka dakatad da shi daga aiki.

Wannan bai rage shi da kome ba, don 'yan siyasa sun riga sun sa masa ido. Dalilinsu a fili ya ke. Mutumin da zai iya tayad da samari masu yawa daga barci su bi shi cikin wuta, zai iya kai su rumfar zaɓe, su da 'yan'uwansu da maƙwabtansu, zai kuma iya sa su tsaya a ƙofa su hana abokan hamayya shiga. A 1850 ya nemi kujera a Majalisar Gari ya faɗi. A 1851 ya sake tsayawa ya ci, ya zama wakilin Unguwa ta Bakwai. Majalisar da ya shiga ita ce wadda mutanen gari suka laƙaba wa suna Ɓarayi Arba'in, kamar na labarin Ali Baba, sabo da yadda su ke sayad da izinin jiragen fito da na hanyoyin keken doki ga wanda ya fi ba su toshiya. A nan ya yi karatunsa na biyu. Daga 1853 zuwa 1855 ya zauna a Majalisar Wakilai ta ƙasa a Washinton, amma zaman bai yi masa daɗi ba, ya komo gida inda ya san kowa. A 1858 ya shiga hukumar da ke duba kashe kuɗin gundumar New York.

Akwai wata ƙungiya a birnin da a ke kira Tammany, wadda ta ɗauki sunanta daga wani sarkin mutanen ƙasar na asali. Ita ce ke juya jam'iyyar Dimokurat a New York. Ƙarfinta yana wurin baƙi, musamman mutanen Ailan waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta koro, da kuma Jamusawa. Baƙo ya sauka daga jirgi ba shi da kowa, manyan gari suna ƙyamarsa. Mutumin Tammany shi zai nema masa ɗaki da aiki, ya fid da ɗansa daga hannun 'yan sanda, ya sama masa takardar zama ɗan ƙasa. Abin da a ke nema gare shi ƙuri'a ce kaɗai, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya san sauran. A 1863 Tweed ya zama shugaban wannan ƙungiya, aka fara kiransa Boss, watau Ubangida. Ya tsara ta kamar yadda ya saba a wurin gobara, kowace unguwa da mai ba da umurni, kowane mai umurni yana sauraron murya guda.

Ana cikin haka zamanin 'yan sa kai ya ƙare a birnin. An ƙago injin da tururi ke tura famfonsa, wanda ba ya gajiya, ba ya kuma bukatar taron ƙarti. 'Yan sa kai suka ƙi shi ƙememe, don sun ga zai raba su da girmansu. Kamfanonin inshora da 'yan kasuwa kuwa sun gaji da faɗace-faɗace. A 1865 Majalisar Jiha ta rushe tsohon tsari, ta kafa 'yan kwana-kwana masu albashi. Tweed dai ya riga ya wuce wurin, ba ya sauran bukatar ƙahon tagulla.

A 1868 ya shiga Majalisar Dattawa ta Jiha. A shekarar nan, gab da zaɓe, alƙalan da ke hannunsa suka mai da dubban baƙi 'yan ƙasa cikin 'yan makonni, waɗansu mutane kuma suka jefa ƙuri'a sau da yawa da sunaye dabam dabam. A 1870 ya sa aka yi wa birnin sabuwar dokar mulki, daga baya kuwa da bakinsa ya amsa cewa da kuɗi ya sayi 'yan majalisa. Dokar ta danƙa baitulmali a hannun mutum kaɗan: shi kansa, da Magajin Gari Oakey Hall, da Richard Connolly mai riƙe da lissafin kuɗin gari, ga kuma Peter Sweeny mai ba su dabara. An ba kura ajiyar nama ke nan. Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Duk ɗan kwangilar da ya yi wa gari aiki, a kan umurce shi ya ninka kuɗin da zai nema. In an biya, ya ɗauki hakkinsa, ya mayar musu da sauran, har ya kai ga abin da su ke karɓa ya fi abin da mai aikin ke samu.

Babban misalin wannan shi ne ginin kotun gunduma, wanda yana nan tsaye har yanzu, ana kuwa kiransa da sunan Tweed. Da fari dala 250,000 aka ware masa. An fara shi a 1861, ba a gama ba sai 1881, ya kuma ci fiye da dala miliyan 11. Domin ku gane yawan kuɗin, a 1867 Amurka ta sayi ƙasar Alaska ɗungum daga hannun Rasha a kan dala miliyan 7.2. Littattafan gari sun nuna an biya wani mai yaɓe dala 133,187 ladan aikin kwana biyu, wani kafinta kuma fiye da dala 360,000 ladan wata guda. Tweed ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa filaye a birnin. Ya yi ƙiba har ya kusa laba 300, yana maƙala wani ƙaton lu'ulu'u a gaban rigarsa.

Mai karatu zai tambaya, ina jama'a su ke? Amsa ita ce, da yawa suna sonsa, kuma suna da hujja. Ya sa an shimfiɗa tituna, ya samo wa asibitoci da gidajen marayu da makarantu taimakon gwamnati. Cikin sanyin 1870 ya ba da dala 50,000 aka saya wa talakawan unguwarsa gawayi da abinci. Matar da aka kawo wa buhun gawayi ranar da 'ya'yanta ke rawar ɗari ba za ta tsaya tambayar inda kuɗin ya fito ba. Ni a ganina nan ne muguntar abin ta fi tsanani, gama da kuɗinsu ya yi musu kyauta, ya ba su kaɗan ya riƙe mai yawa, ya kuma bar wa birnin bashin da 'ya'yansu za su biya. Attajirai su ma sun yi shiru muddin kasuwa tana tafiya.

Mutum na fari da ya dame shi mai zane ne, Thomas Nast, haifaffen Jamus, wanda ke yi wa mujallar Harper's Weekly zanen ba'a. Mako mako ya kan zana Tweed da tumbi da lu'ulu'unsa, wani lokaci da jakar kuɗi a maimakon kai. An ce Tweed bai damu da rubutun jarida ba, don yawancin masu zaɓensa ba su iya karatu ba, amma hoto kowa yana ganewa. Aka yi wa Nast tayin kuɗi mai yawa ya tafi Turai, ya ƙi. A Nuwamba 1871 ya ɗauko damisar nan ta jikin injin Babbar Shida, ya zana ta a fili tana yayyage wata mace wadda ke a madadin ƙasa, Tweed yana zaune bisa yana kallo. Tun daga ran nan damisar ta zama tambarin Tammany a idon duniya.

Amma zane ba ya zama shaida gaban alƙali. Abin da ya kashe maganar littafin lissafi ne. A Janairu 1871 mai binciken kuɗin gunduma, wanda ya san asirinsu duka, ya mutu cikin hatsari. Waɗansu akawuna da suka sami shiga ofishin suka zauna suka kwafe lambobin a ɓoye, shafi bayan shafi. Wani tsohon abokin Tweed da suka ɓata, James O'Brien, ya kai wa jaridar New York Times. A watan Yuli jaridar ta fara buga su dalla-dalla, da Turanci har da Jamusanci. Ran 4 ga Satumba mutanen gari suka yi babban taro suka naɗa kwamitin mutum 70. Wani lauya, Samuel Tilden, ya bi sawun kuɗin cikin littattafan banki har ya ga inda suka shiga asusun Tweed. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Aka kama shi a watan Oktoba. Duk da haka, a zaɓen Nuwamba mutanen unguwarsa suka sake zaɓensa.

Shari'ar fari, a Janairu 1873, ta watse, don mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki. A ta biyu, cikin Nuwamba, aka same shi da laifi 204 daga cikin 220, aka ɗaure shi shekara 12. Kotun sama ta rage, ya fita a 1875, amma a bakin ƙofa aka sake kama shi, gwamnatin jiha tana neman ya mayar da dala miliyan 6. Aka sa belinsa dala miliyan 3, bai iya biya ba, aka kai shi kurkukun titin Ludlow. Abokan cin nasa fa? Connolly da Sweeny sun tsere ƙasashen waje, Hall kuma an yi masa shari'a ba a kama shi da laifi ba.

Masu gadinsa su kan bar shi ya fita shan iska, har ya biya gida ya ci abinci. Ran 4 ga Disamba, 1875, ya shiga gida da sunan zai gai da matarsa, ya sulale. Ya ɓuya, ya gangara Fulorida, ya haye Kyuba, daga can ya shiga jirgin ruwa zuwa Sifen. Gwamnatin Amurka ta aika a tare shi, kuma abin da aka ba ma'aikatan Sifen don su gane shi zanen Nast ne. Suka kama shi a tashar Vigo a Satumba 1876, jirgin yaƙin Amurka ya komo da shi a Nuwamba.

Ya komo a rame, ba lafiya, dukiya ta watse. Ya yi shawara da hukuma cewa zai tona kome in za a sake shi. A 1877 ya tsaya gaban wani kwamitin Majalisar Gari ya faɗi yadda suka yi, da waɗanda suka ci tare. Aka ji, ba a sake shi ba. Kwamitin ya ƙiyasta abin da aka sace tsakanin dala miliyan 25 da miliyan 45, waɗansu masu bincike na baya kuwa sun kai shi har miliyan 200. Ran 12 ga Afrilu, 1878, ciwon huhu ya kashe shi cikin kurkukun nan, wanda aka gina sa'ad da shi ke cikin hukumar gunduma. Shekararsa 55. Magajin Gari na lokacin ya hana a sauko da tuta domin makokinsa.

Ƙahon magana ya daɗe da barin wurin gobara, rediyon hannu ya maye gurbinsa. Amma siffarsa ba ta ɓace ba. Har yanzu a Amurka, inda mafi yawan 'yan kwana-kwana na ƙananan garuruwa 'yan sa kai ne, da ita a ke gane muƙami a wuyan riga: ƙaho ɗaya ga ƙaramin hafsa, biyu ga kyaftin, biyar a gicciye ga babban shugaba. Ma'anarta ita ce, ga wanda za a saurara in hayaƙi ya rufe ido.

'Yan'uwana, abin da na gani cikin rayuwar mutumin nan ke nan. Samarin da suka miƙa wa Tweed ƙaho ba su yi kuskuren zaɓen mai murya ba, yana da ita, ya kuma iya tafiyad da mutane. Sun ba shi don a kashe wuta, shi kuwa ya lura cewa mutane sun saba bin mai ƙaho ko ina ya nufa, sai ya juya bakinsa wajen baitulmali. Yawancinmu za mu fita daga nan mu je inda za a saurare mu fiye da yadda shekarunmu suka isa. Za a kawo mana wasiƙa mu karanta, a ba mu littafin kuɗin ƙungiya mu riƙe, a tambaye mu wa ya kamata a zaɓa. Ran da wannan ya same mu, ya kamata mu tuna wanda ya ba mu aron muryar, da abin da ya sa ya ba mu. Mu kuma tuna da akawunan nan da suka zauna suka kwafe lambobi, gama ba domin su ba, da Tweed ya mutu bisa gadonsa ana yabonsa.